Godiyar Kurmin Baba

Grand Concourse, Bronx
Watan Nuwamba

Zuwa ga Yayata Hajiya Salima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da jikoki da duk mutanen Zongon Bisekrom. Yaya gwiwar? Kin ce ta yi sauƙi, amma na san ki, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya haka za ki ce. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Mai ɗakina Damata tana gaishe ki, 'yarki Shafa'atu ma haka, kuma ita ce za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki. Kin san abin da ya sa nake rubutawa. In a waya ne, ban kai tsakiyar magana ba kin katse ni kin ƙarasa mini ita yadda kike so.

Goro ya iso, Allah ya saka miki da alheri. Alhaji Braimah ya kawo mini shi har gida. Na fasa ɗaya daga cikin wanda kika ware mana, ina tauna na ji har yanzu kurmin Baba bai canza hali ba: ɗaci kaɗan da fari, sai zaƙi ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Abu ɗaya ne ya ɓaci. Ganyen fitar da kika naɗe goron sarki da shi bai shigo ba, domin a filin jirgi ba sa barin ɗanyen ganye ya wuce. Sun kwance sun riƙe ganyen, suka ba Alhaji goronsa. Sai na juye shi a leda mai tsabta.

Shafa'atu ta tambaye ni me ya sa wani goro na ci ne, wani kuma na sarki. Na zaunar da ita na gaya mata yadda Baba ya sauko daga arewa fataucin goro, da yadda tsohon sarkin Bisekrom ya ba shi kurmin da ke ƙetaren rafi ba da ciniki ba. Sharaɗi ɗaya ya sa masa: kowace shekara a kawo wa sarki goron farko, naɗe da ganyen fita na bakin rafin, a yi godiya, abin da su Asante suke kira aseda. Na gaya mata wayon tsohon. Fita ba ta fitowa sai inda akwai inuwa da laima, saboda haka in ganyen ya zo, sarki ya san manyan itatuwa suna nan a tsaye ba sai ya taka ya gani ba. Na gaya mata bayan Baba, mijinki Malam Mu'awiya ne ya riƙe godiyar har Allah ya karɓi ransa bara, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Da Hausa na yi mata bayani, ta amsa mini da Turanci, kamar kullum.

To, ga labarin da kike jira. Na kai goron. Ni har yanzu dariya nake in na tuna wai Kofi ne sarkin Bisekrom. Kofi fa, wanda da ya sauka ƙasar nan a ƙasan falona ya yi kwanan hunturu guda, ni na koya masa wane jirgin ƙasa ne ke zuwa ina, ni na saya masa rigar sanyinsa ta farko, wadda hannunta ya fi nasa tsawo. Kawunsa ya rasu, aka kira shi gida aka ɗora shi a kujerar sarauta, hutunsa ya ƙare ya dawo bakin aikinsa na tura keken marasa ƙarfi a filin jirgin JFK. Ni kuwa can nake jiran fasinja da tasi, kusan kullum sai mun haɗu.

Ranar Talata na hango shi ya sauke wata tsohuwa a bakin titi. Na danna masa ham, ya zo, na miƙa masa ledar ta taga na ce ga goron bana daga kurmi, mun gode. Ya buɗe ya fasa ɗaya ya tauna, ya ce ya yi daɗi, ya tambayi lafiyarki. Wani ya kira shi ya ruga. Shi ke nan, Yaya. Abin da Baba yake kwana yana shiri, ni na gama shi injin mota bai mutu ba. Da ma duk sarakuna a New York suke aiki da an huta.

Ki kwantar da hankalinki, bana an sauke nauyi. Ki gaida kowa da kowa, ki riƙa shafa man da na aiko.

Ƙanenki,
Gariba


Grand Concourse, Bronx
Watan Disamba

Yaya Salima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma fata kin samu barci tun bayan wayar nan, domin ni ban samu ba. Yaya jiki, yaya yara? Duk abin da kika kira ni da shi a waya na karɓa, har da wanda Damata ta ji ta fita daga ɗakin.

Bari in maimaita abin da kika gaya mini don ki ga ko na fahimta. Dattawan fada sun ce bana ba a yi godiya ba, saboda haka kurmi ya koma hannun kujera. 'Yan katako sun riga sun shiga sun shafa jan fenti a jikin manyan itatuwa, har da babban odum ɗin da Baba yake salla a gindinsa. Suna jiran ruwa ya ɗauke sosai ne hanya ta bushe su shigo da injuna. In sun gama, masu haƙar zinariya na bayansu.

Na samu Kofi a wurin aiki raina a ɓace. Ya bar ni na gama faɗata, sannan ya ce abin da ya ci ran nan goron aboki ne, kuma ya gode. Ya ce sarki ba ya karɓar abu hannu da hannu ta tagar mota. Godiyar ƙasa sai da kakakin fada a tsakani, da shaidu, da ganyen, mai godiya ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya faɗi abin da aka ba shi. Ya ce ya ɗauka na san haka, ya ɗauka ledar ɗanɗano ce kafin in zo da ta gaskiya. Ya ce ƙofa ba ta rufe ba matuƙar ba a kayar da itace ko ɗaya ba.

Yaya, na ji zafi. Na girme shi. Mutumin da ya ci tuwon Damata har ya yi kumatu, shi ne zan durƙusa wa a gaban jama'a ina gemu fari? Na ce masa sarauta ta hau masa kai, na ja motata. Na dawo gida na ce wa Damata itatuwa ne dai, ba a kansu aka fara sara ba.

Ran Lahadi Shafa'atu ta ce in raka ta wani wuri. Akwai wani babban lambun itatuwa a nan Bronx, na sha ajiye fasinja a ƙofarsa ban taɓa shiga ba. A ciki sun gina gidan gilashi, sun tara itatuwan ƙasashen kurmi suna ba su ɗumi da raɓa da inji. A waje sanyi yana yankan kunne. Muna tura ƙofa sai gilashin idona ya yi hazo, ban ga komai ba, sai hanci ya fara aiki. Ƙamshin nan ne, Yaya, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, wanda yake tarbar mutum da zarar ya tsallake rafi. Ruwa yana ɗiga daga ganye zuwa ganye. Na tsaya ina rungume da rigar sanyi, mutane suna ratsa ni suna ɗaukar hoto.

Duk ya dawo mini. Yadda rana ba ta taɓa ƙasa a kurmin Baba sai ɗigo-ɗigo. Yadda goro yake tsaye a ƙarƙashin manya kamar yara a bayan iyayensu, in an cire manyan ya ƙone. Dodon koɗin da kike tsinta ki sayar wa matan Asante ki hana ni ko alewa. Jemagu da magariba, da biran da suke rigan mu zuwa ayaba. Sannan na tuna abin da na gani a zuwana na ƙarshe a hanyar Kumasi, inda aka sare aka haƙa: jar ƙasa tsirara, ramuka, ruwan rafi ya koma kamar koko. Wurin da nake tsaye bai kai kusurwa ɗaya ta kurminmu ba, ga shi an kewaye shi da gilashi ana gadinsa kamar jariri. Namu kuwa Allah ya yi shi, wani bawan Allah ya ba ubanmu kyauta, abin da aka nema kawai mu ce mun gode yadda ya kamata. Na yi kuka, ban ɓoye miki ba. Shafa'atu ta yi kamar tana karanta sunan wani itace har na gama.

Zan durƙusa. Na je unguwar Stapleton a Staten Island wurin Mama Adwoa, gwaggon Kofi, wadda ta fi kowa sanin al'adar garin a ƙasar nan. Ta yi mini wankin babban bargo tukuna, sannan ta ba ni shayi. Kan maganar ganye ta ce tunda ba ya shigowa, a raba godiyar biyu a lokaci ɗaya: ni da goro a gaban sarki a nan, ke da ɗanyen ganye a gaban Magajiyar gari a can, waya a buɗe kowa yana ganin kowa. Amma ta ce tunda an raba godiyar, sai wanda Baba ya haifa ne zai yanko ganyen da hannunsa, ba aike ba. Na san gangaren rafin nan, na san gwiwarki. Kunya nake ji ina roƙonki, amma ba ni da wani sai ke.

Ki yafe wa ƙanenki. Damata da Shafa'atu suna gaishe ki.

Naki,
Gariba


Grand Concourse, Bronx
Watan Janairu

Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Yaya gajiya, yaya ƙafa? An gaya mini sai da aka ɗauko ki a babur daga bakin rafi, kuma wai kin hana a faɗa mini. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya sa jikokinki su yi miki abin da kika yi wa Baba.

Ke kin ga naki ɓangaren, amma wayar tana yankewa, bari in ba ki nawa. Da hantsi muka shiga jirgin ruwa zuwa Staten Island, ni da Damata da Shafa'atu da Alhaji Braimah a matsayin shaidata. Na sa babbar rigar da ban taɓa sawa ba tun sunan Shafa'atu, na ɗora rigar sanyi a kai, na zama kamar buhun gawayi. Goron da na zaɓo daga wanda kika ware mana yana cikin ƙwaryar da Damata ta goge, an rufe da farin ƙyalle.

Falon Mama Adwoa ya cika da mutanen Bisekrom, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Kakakin fada direban bas ne, na san shi, amma ran nan da sandarsa a hannu ko kallona bai yi ba. Sai Kofi ya fito daga ɗaki da zanen kente a kafaɗa, aka zaunar da shi. Na nemi abokina a fuskar nan ban same shi ba. Wani mutum ne daban, mai nauyi, kuma na ga alamar bai yi barci ba.

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Gwiwata ta yi ƙara har wata mata ta yi dariya ta toshe baki. Kakaki ya ce in faɗi abin da aka ba ubana. Na ji tsoron na manta, amma da na buɗe baki sai ga iyakokin suna zuwa da kansu da Twi, yaren Asante, yadda Baba yake jera su: daga mashigar rafi zuwa dutse mai tsagi, daga nan zuwa tagwayen itatuwan da suke kira wawa, a gangara ta fadamar fita a dawo odum. Na ce ba mu saya ba, ba mu ci da yaƙi ba, ba mu aka yi, kuma mun gode. A daidai nan Shafa'atu ta ɗaga wayar, sai ga ki a tsakar gidan Magajiya, zanenki duk taɓo har gwiwa, kin ɗaga ganye kore shar yana ɗigar ruwa. Mama Adwoa ta kai hannu ta taɓa gilashin wayar.

Abin da ba ki ji ba shi ne wannan. Kafin kakaki ya ɗauki ƙwaryar, wata wayar ta yi ƙara, ɗaya daga cikin dattawan fada ne daga gida. Ya sa aka buɗe murya kowa ya ji. Ya ce fada ta riga ta ba 'yan katako baki, an sha abin sha a kai, kuma sarkin da ya kunyata dattawansa ya san abin da ke biyo baya. Ya ce wanda yake zaune a ƙasar Turawa bai san yunwar gari ba. Ba zan ce ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, domin samarin garin ba su da aiki, kin fi ni sani.

Ni ina durƙushe, ƙafata ta mutu. Sannan Kofi ya yi magana ƙasa-ƙasa, kakaki ya ɗaga ta. Ya ce baƙo ya zo da godiya a kan lokaci, da goro da ganye da shaidu, kuma bai taɓa jin inda kujerar Bisekrom ta mayar da godiya ba. Ya ce rafin da ya ratsa kurmin nan shi kaɗai ya rage wanda matan gari suke ɗiba su sha ba tare da sun tace ba. Kakaki ya ɗauki ƙwaryar, aka fasa goro aka zagaya da shi, kowa ya ci.

A jirgin ruwa muna dawowa Alhaji Braimah ya fahimtar da ni abin da kaina bai kawo ba. Da Kofi ya ce ledar nan ta wadatar, da dattawa sun yi watsi da ita cikin sauƙi, su ce aboki ya rufa wa aboki asiri. Ya matsa mini in durƙusa ne don a ɗaure maganar yadda ba mai iya kwance ta. Ni kuwa ina can ina cewa sarauta ta hau masa kai.

Ki huta, ki bar yara su yi miki aiki. Ki miƙa godiyata ga Magajiya da ta karɓe ki ta ba ki kujera.

Ƙanenki mai godiya,
Gariba


Grand Concourse, Bronx
Watan Afrilu

Yaya Salima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da duk gida. Mun ga hotunan da jikokinki suka turo suna kankare jan fenti daga jikin itatuwa. Damata ta sa an wanke mata ɗaya ta manna a firij. Na ji kuma an fara ruwa, goro ya yi fure. Alhamdu lillahi.

Labarin da ya riga ni zuwa wurinki gaskiya ne. Dattawan fada sun kira Kofi gida, sun tara masa laifuffuka, sun sauke shi daga kujera. Ni na kai shi filin jirgi, ni na ɗauko shi da ya dawo. Mama Adwoa ta tabbatar mini godiyar da ya karɓa tana nan daram har goron baɗi, ba wanda ya isa ya taɓa itace kafin nan. Bayan nan sai abin da sabon sarki ya ce, kuma shi a Bisekrom yake zaune. Saboda haka baɗi da kaina zan zo, in Allah ya kai mu. Na riga na gaya wa mai motar da nake ja. Shafa'atu ta ce za ta biyo ni, ta fara koyon jera iyakoki, tana kiran dutse mai tsagi da wani suna da ba zan iya rubutawa ba.

A hanyarmu daga filin jirgi na yi ta shirya kalmomin da zan gode masa da su, da Hausa, da Twi, duk suka yi mini ƙanƙanta. Da na fara sai ya ce in kula da hanya kada in kashe tsohon sarki a kan gada. Ya ce ya rame ne saboda ba wanda yake gayyatarsa cin abinci a garin. Dariya yake yi, amma da ya zo kan mahaifiyarsa muryarsa ta canza. Ya ce tun ranar da aka sauke shi ƙafa ta ɗauke daga gidanta. Matan da suke zuwa taya ta hira sun daina, masu gaishe ta a hanyar coci suna kau da kai, saboda 'ya'yansu sun sa rai da aikin katako. Tsohuwa ce, ido ya yi rauni, ita kaɗai take wuni a baranda. Wannan ne kaɗai abin da ya ce yana hana shi barci. Washegari na gan shi ya koma bakin aiki yana tura wani dattijo a keke, yana yi masa hira.

Yaya, na roƙe ki abu mai wuya kin yi, ga wani kuma. Ki zaɓi goro mafi kyau a abin da ya rage, fari manya, ki naɗe shi da fita. Ki sa tufafinki na Juma'a, ki ɗauki jikokinki duka, ki je gidan mahaifiyar Kofi. Kada ki bi ta bayan gari, kada ki je da duhu. Ki bi ta tsakiyar kasuwa da rana, a hankali yadda gwiwarki take so, duk wanda ya tambaye ki ina za ki, ki gaya masa. In kin isa ki zauna a barandar nan inda ake ganinki daga titi, ki daɗe. Ki ce mata 'ya'yan mai kurmin goro na Zongo ne suka zo godiya saboda ɗan da ta haifa, kuma za su dawo mako mai zuwa.

Damata da Shafa'atu suna gaishe ki. Allah ya ƙara miki lafiya, ya haɗa fuskokinmu a ƙarƙashin itatuwan nan.

Ƙanenki har kullum,
Gariba